Jan Fenti a Ramin Noti

Da Baba ya rasu, motarsa a-kori-kura ta zauna a ƙofar gidanmu a Abakpa, ƙanensa Baffa Tukur kuma kullum yana zagaya ta yana shafa ƙofarta. Ni Baba ya koya wa tuƙi, ni ke da lasin. Da safe ina koyarwa a firamare, da yamma in kai matan unguwa Katabu su saro masara da itace. Da wannan muke ci, ni da Inna da ƙannena.

Dangi suka zauna, Malam Yakubu, wan Baba, ya yanke magana: a bar mini ita, amma ranar da ta lalace a hannuna, makulli ya koma wurin Baffa. Na ce na ji.

Gab da Sallah Baffa ya ce zai yi wa motar ɗan'uwansa kwalliya irin ta direbobin tasha. Ina makaranta aka kwance tayoyin, aka shafe wili da jan fentin ƙofa mai kauri har cikin ramukan noti, aka mayar.

Bayan Sallah, muna dawowa da lodi, kafin Kawo na ji motar tana kaɗa gindi, ga wani ƙwas-ƙwas daga bayan hagu. Na sauka gefen hanya. Notocin tayar sun yi zafi, kuma da yatsa na juya su. Fentin da ke ƙarƙashinsu ya murƙushe ya zama gari, sai ya bar su suna lilo. Sauran tayoyin ma sun fara. Na ɗaure su da sifana, na lallaɓo gida kamar mai ɗauke da ƙwai.

Na sami Baffa a dakali da abokansa.

"Baffa, fentin nan ne. Sai an kwance an kankare, in ba haka ba za su sake kwancewa."

"Ah, Malama ta zo da darasi! Ina allinki? Noti ya saki, sai a ɗaure shi, ɗaurin maza."

Abokan suka yi dariya. Ya zura dogon bututun ƙarfe a sifanar, ya hau kai da ƙafa biyu.

"Baffa, zai karye."

"Riƙe mini hula, 'yar boko."

Ya yi tsalle. Ƙas! Ƙusar tayar ta gutsure, notin ya gangara cikin kwata. Ya koma na kusa da shi, shi ma haka. Ya sauko yana haki, ya dubi mutanen.

"Kun gani ko? Ta gajiyar da ƙarfen. Mace ba ta san rami ba, ba ta san gargada ba."

Duk sun ga ƙafarsa a kan bututun. Kowa ya kau da kai.

A zaman dangi na kawo guntun ƙusar, na nuna musu karayar sabuwa fil, tana ƙyalli. Malam Yakubu bai ko karɓa ba.

"Sa'adiya, a hannun wa aka fara jin ƙarar?"

"A hannuna, amma..."

"To, magana ta ƙare."

Inna tana kuka a bayan labule. Ni ban yi ba, ban ba su wannan daɗin ba. Na ce su ba ni zuwa la'asar kafin in miƙa makulli. Na kafa jak, na kwance tayoyin ɗaya bayan ɗaya, na kankare fentin da wuƙar kicin har farcena ya tsage, na kira makaniki ya sa sababbin ƙusoshi. Ba don Baffa na yi ba. Matan Abakpa ne ke zama a baya, a kan buhuna, da goyonsu.

Yanzu da yamma ina bi gida-gida a Unguwar Rimi ina koya wa 'ya'yan ma'aikata lissafi, a ƙafa nake zuwa, a ƙafa nake dawowa. Jiya Baffa ya tsaya kusa da ni yana danna hon.

"Malama, shigo in rage miki hanya. Tun da na gyara ta ko tari ba ta yi."

Na gaishe shi yadda ya kamata, na ce ƙafata lafiya lau take.