Jar Jaket ɗin Grozdan

Ni na raba yayana da aikinsa, da hannuna da keken ɗinkina. Gara in faɗa da bakina kafin matan layinmu su riga ni.

Yaya Grozdan ya shekara ashirin da tara yana aikin ceto a dutsen da ke bisa garinmu, nan cikin duwatsun Rodopi na Bulgeriya. Duk wanda ya je zamiya a ƙanƙara ya karye, ko hazo ya ɓatar da shi, shi ne ke ɗaure shi a gadon ja, wanda ake ja a kan ƙanƙara, ya sauko da shi. Nauyinsa kilo ɗari da arba'in da biyu. Ba jiya ya fara ƙiba ba, haka babanmu yake, haka kakanmu. Amma in ya hau katakon zamiya sai ka rantse iska ce ke ɗauke da shi.

Bara wani sabon kamfani ya karɓi dutsen, kuma abin da suka fara kawowa shi ne doka kan tufafi. Kowane mai ceto sai ya sa jar jaket ɗinsu mai farar alama a baya, wai haka masu inshora suka ce. Babu jaket, babu hawa dutse.

Wata Litinin da hantsi, ina cin banitsa, gashinmu na fulawa da cuku, ya shigo shagona da leda biyu a hammata.

"Auta, ajiye banitsar nan ki zo ki ga abin kunya."

Ya sa jaket mafi girma da suke da ita. Hannuwa suka shiga da kyar, zif kuwa ko gaisawa bai yi da ɗan'uwansa ba, tsakaninsu ya kai tafin hannu biyu.

"Velizar ya ce ana yin ta daidai jikin mutum a wata masana'anta a Italiya," in ji shi. "Mako goma sha biyu. Gwajin kuwa Asabar ɗin nan ne, wanda bai fito cikin jaket ba babu sunansa a bana. Shi ne ya ba ni biyu, wai in kawo miki ki yi dabara."

"Velizar? Wanda ka koya wa ɗaure takalmi?"

"Shi fa. Yanzu shi ne shugabanmu. Sai ka ji shi, 'Baba Grozdan, doka ce, ba ni ba ne.'"

Na ɗauko tef na zagaye shi, ya kusa ƙarewa.

"Ja cikin nan, Yaya."

"Na ja tun ɗazu."

"To ina ka kai shi?"

Muka yi dariya. Na rubuta awon a takarda ya kai wa Velizar a aika Italiya, ko don gaba. Ni kuma na ce ya bar mini sauran.

Shekara talatin ina ɗinka ulu. Falmaran, rigunan makiyaya, kayan 'yan rawar gargajiya na ƙauyuka shida, duk daga hannuna suke fita. Ɗinki ɗaya mahaifiyarmu ta koya mini: ƙanana, a matse, a bi sau biyu. Takan sa farce a kan layin, in ya shiga tsakani sai ta ce in warware. Ba a taɓa dawo mini da riga don ta ɓarke ba, kuma ina alfahari da haka, ban ɓoye ba.

Yadin jaket ɗin nan kuwa wani abu ne mai santsi kamar leda, sai ƙara yake a hannu. Na raina shi. Na tsaga ɗaya ta baya da gefe, na yanko ƙari daga ɗayar, na mayar da keke kan ɗinki mafi ƙanƙanta. Da na tuna girman mai rigar, layin baya sau uku na bi shi. Ranar Alhamis ya gwada, zif ya rufe har haɓa. Ya ɗaga ni sama kamar jaririya, ni da shekara hamsin.

Asabar na hau kujerar waya mai kai mutane kan dutse na je kallo, har da sabon ɗankwali. Gwajin ba wani abu ba ne a wurinsa: a ɗaga buhun yashi mai siffar mutum, a ɗaure a gadon ja, a sauko. Ya durƙusa, ya zura hannuwa ƙarƙashin buhun, ya yunƙura.

Fyaaar!

Daga wuya har kugu, a miƙe, daidai kan layina, kamar an yage tikiti daga littafinsa. Zarena ko ɗaya bai tsinke ba. Yadin ne ya rabu.

Da ma an yi dariya, da na sami wanda zan zaga. Ba a yi ba. Wani mutumin kamfani ya duƙa ya yi rubutu a takarda. Yaya ya ɗaure buhunsa ya sauka da bayansa a buɗe, iska na kaɗa jaket ɗin gida biyu, kuma ya riga kowa isa ƙasa. Bai amfana masa komai ba.

Velizar ya same ni a gefe yana murza hula.

"Goggo Dafina, wannan ba ulu ba ne. Duk inda allura ta soka rami ne, ba ya rufewa. Su can ɗinki mai tazara suke yi, su bi bayansa da gam da zafi. In an matse shi, yanka shi aka yi."

"Ranar Litinin bakinka ciwo yake yi?"

"Na ɗauka kin sani."

Wannan maganar ta fi mari zafi. Na ɗauka kin sani! Na sauko a kujerar waya ina kuka, hawaye na daskarewa a kumatuna.

Gurbin Yaya aka ba wani ɗan birnin Plovdiv wanda jaket ta yi wa yawa. Yaya kuma aka ce ya je filin ajiye motoci, can ba a tambayar kalar riga. Ya ɗauko tsohuwar rigar ulun babanmu, ɗinkin mahaifiyarmu, ko zare bai saki ba, ya riƙa ɗaga wa motoci hannu. Bai taɓa ce mini ke ce ba. Ni da zai zage ni da na fi samun sauƙi. Abin da na lura kawai, kujerarsa a filin kullum bayanta ke kallon dutse.

Cikin Maris, ƙanƙara ta fara narkewa, sai ga kwali daga Italiya. Ashe ba wanda ya tuna ya soke saƙon. Velizar ya aiko wa Yaya da shi, wai babu wanda za ta yi wa sai shi.

A shagona ya buɗe. Ya zura hannu, ya ja zif, suuu, har wuya. Ya ɗaga hannuwa sama, ya sunkuya, ya durƙusa a tsakar shago kamar zai ɗauki mutum. Ko motsi ɗinkin bai yi ba.

"Ashe ana yi," in ji shi.

"To ai shi ke nan, Yaya! Baɗi sai ka koma."

"Wanda ya fita shekara guda, sabon ɗauka ne. Sabon ɗauka kuma ba ya wuce shekara hamsin. Nawa nake, Auta?"

Hamsin da biyar yake.

Ya tuɓe ta ya shimfiɗa a teburina, ya ɗora yatsa kan farar alamar.

"Cire wannan. Wanda ba mai ceto ba, ba ya yawo da ita. Rigar dai tana da ɗumi."

Na sa ɗan almakashi na bi zaren ɗaya bayan ɗaya, ban taɓa yin aiki a hankali haka ba. Alamar ta fita. Ramukan allura suka tsaya a jere, siffarta sak. Na murza da yatsa, na hura musu tururi kamar yadda nake yi wa ulu. Suna nan.

Ita yake sawa yanzu a filin motoci. Ran nan na kai masa miyar wake da rana, sai ga wata baƙuwa a guje, ta hango jar riga. Ta cafke hannunsa tana haki, wai mijinta ya faɗi can sama wajen kwazazzabo, ba ya motsi. Na ga ƙafar Yaya ta ɗaga, har ya juya ya fuskanci dutse.

Sai ya tsaya. Ya nuna mata ofishin ceto da yatsa.

"Ƙofa ta biyu, Uwargida. Yi sauri."

Wata mota ta danna masa ham, ya koma ya nuna mata wurin tsayawa.