Tukunyar Da Aka Hana Mai

Ga wata nan tafe gare ku.

Ta ƙaraso, muna saurare.

Akwai wata malamar makaranta, mijinta direban bas ne. Zaman kujera ya sa ya ajiye tumbi har sitiyari na gogar masa ciki, abokan aiki suna kiransa Randa. Da gwiwa ta fara damunsa, likita ya ce ya rage ƙiba, ya yi hankali da maiƙo.

To ita Malama, in ta kama abu ba ta san rabi ba. Ranar ta kwashe kwalbar mai, da man shanu, da gwangwanin gyaɗa, ta miƙa wa maƙwabciya. Kifi sai dafaffe. Ƙwai ma sai ta cire kwanduwar. Kuma tukunya ɗaya ake ɗorawa a gidan, don tana dawowa daga aji a gajiye, ga littattafan yara na jiran maki.

A ƙaramin ɗakin da ke kusa da kicin kuwa mahaifinta ne, tsohon kafinta, wanda ya dawo wurinsu bayan rasuwar matarsa. Shi dama siriri ne, haƙora saura kaɗan. Da man shanu yake cuɗa shinkafa don ta wuce masa.

Randa ya leƙa kwano ya ce, "Malama, wannan miyar ai ko fuska zan iya wankewa da ita."

Ta ce, "Tumbin dai muke so ta wanke. Baba, ya yi maka?"

"Ya yi, Uwata. Allah ya yi albarka." Haka yake kiranta tun tana ƙarama.

Ya ci loma kaɗan ya ture. Ta tambaya, ya ce cikin tsufa ne, ba ya ɗaukar da yawa. Ita kuwa idonta na kan kwanon mijinta.

Aka daɗe a haka. Randa ya hau sikeli, allura ta ƙi motsi. Malama ta ƙara tsanani, har madarar shayi ta janye.

Wata Asabar tana share ɗakin Baba, sai ta ɗaga bel ɗinsa daga ƙusa. Ta ga sababbin huji a jere, an huda su tsaf, aikin kafinta. Ta leƙa baranda. Yana zaune, riga ta rataye a kafaɗunsa kamar an shanya ta, ƙwaurinsa ya yi fari ya tsage. Kullum tana wuce shi da safe tana gaishe shi, amma sai ranar ta dube shi.

Ta durƙusa gabansa da bel ɗin. "Baba, me ya sa ba ka faɗa mini ba?"

"In faɗi me? Ana yi wa mai gida magani, ni da aka ba ɗaki in ce a zuba mini mai? Abincin ba ya wucewa ne kawai. Yana tsaya mini a nan." Ya taɓa maƙogwaro.

Ta tuna yadda take kwashe kwanonsa da rabin abinci tana jin daɗi wai ba a ɓarna, gobe a ɗumama.

Da Randa ya dawo ta miƙa masa bel ɗin. Ya juya shi, ya sake juyawa, ya zauna a bakin kujera.

Ya ce, "Malama, ni ma akwai magana. Abincinki ba ya riƙe ni. Kafin rana ta take, hannuna rawa yake a kan sitiyari. Sai in tsaya wurin mai soye-soye na tasha. Kullum."

"Kullum?"

"Har ya san ni. In ya hango bas ɗina sai ya ƙara wuta."

Baba ya yi dariya daga baranda har da tari. Su biyun dai babu wanda ya yi. Randa ya ce a hankali, "Ashe Baba kaɗai ke bin dokar likitana."

Suka kai Baba asibiti. Likitar ta auna shi, ta duba idonsa da fatarsa, ta saurari labarin ba ta katse ba. Ta ce tsoho irinsa ba a barinsa ya rame, don naman da ya zube da wuya yake komawa. Sa'an nan ta juya ga Randa.

"Kai ma da kake rage ƙiba, jikinka na bukatar mai. Akwai sinadaran abinci da ba sa shiga jiki sai da shi, kuma shi ke sa ƙoshi ya daɗe. Cokali biyu ko uku na man girki a yini, gyaɗa cikin tafin hannu, kifi, ƙwai da kwanduwarsa. Soyayyen tasha shi za ka bari. Baba kuwa a ƙara masa fiye da haka, a kwanonsa."

Malama ta ce, "Ni na yi masa wannan."

Likitar ba ta ce a'a ba. Ta ce, "Ku dawo da shi in sake aunawa."

A hanya suka sayi mai da man shanu. Malama ta dafa shinkafa ta yi laushi, ta cuɗa wa Baba da hannunta, ta zauna tana kallon kowace loma.

Ya ce, "Uwata, in kina kallona haka ai sai in ƙware."

Ta kau da kai, amma ba ta tashi ba.

Baba ya ɗan murmure, fatarsa ta yi laushi, sai dai bai koma yadda yake ba, yanzu da sanda yake zuwa baranda. Randa ya daina tsayawa wurin mai soye-soye, tumbin ya sauka a hankali, gwiwar ta yi sauƙi, sunan dai bai bar shi ba. Malama kuwa har yau kwanon Baba take fara zubawa, kuma ba ta ɗauke shi sai ta duba abin da ya rage.