Ɗingishin Dokin Shah Barzin

A tsawon mulkin Shah Barzin, babu mutum ko ɗaya a ƙasar Farisa da ya taɓa gudu ya nemi mafaka a bargar sarki. Ana faɗin haka a kan mumbari kowace Juma'a, kuma gaskiya ne. Al'adarmu tun kaka da kakanni, duk wanda ya kama turken dokin sarki, ko kan wa ya sare, ba a taɓa shi sai ya saki. Sarkin da ba a taɓa kama turkensa ba kuwa, ka ga ke nan babu mai tsoron zaluncinsa. Shah yana ji da wannan shaida fiye da duk garuruwan da ya ci da takobi.

Mutum ne mai lura. In ka yi dariya a gabansa, yana so ya san abin da ka sani. In ba ka yi ba, yana so ya san abin da kake ɓoyewa.

Kamran, sarkin yaƙinsa, ya yi kuskuren cin yaƙi da kyau fiye da kima. Ranar da ya dawo daga duwatsun arewa, mutanen kasuwar maƙera suka yi ta kiran sunansa, sai daga baya suka tuna da na Shah. A wurin walima, Shah ya ɓare rumman da hannunsa ya miƙa masa.

"Ci, ɗana. Na ji har 'yan koli sun iya sunanka."

Mu da ke zaune kusa da Kamran, kowa ya tuna yana da magana da wani a can ƙarshen shimfiɗa. Na ƙarshe da ya ci rumman daga hannun nan, yanzu da sanda ake jan sa zuwa masallaci.

Washegari da hantsi Kamran ya shiga barga da alkyabbarsa, ya zauna a ƙasa, ya rungume turken Tufan, dokin da Shah ke hawa. Hushyar shamaki, wanda suka sha nono ɗaya da Kamran, ya tarar da shi a haka.

"Ɗan'uwa, duk faɗin birnin nan ka rasa inda za ka mutu sai wurin aikina?"

"Rumman ya ba ni, Hushyar."

"Da hannunsa?"

"Har ya ɓare."

Hushyar ya sauke buhun sha'ir da ke kafaɗarsa. "To riƙe da kyau, jarumin arewa. Amma ka sani turken nan na kallo ne, ba na kamawa ba."

Kafin azahar Shah ya iso, hannuwa a baya, mu 'yan fada muna biye. Ya tsaya yana duban sarkin yaƙinsa kamar mai tayin rago.

"Kamran, me kake yi a cikin kashin doki?"

Kowa ya ga ramin. In ya ce mafaka ya nema, ya ƙaryata huɗubar Juma'a, kuma ya amsa laifi, don a wurin Shah mara laifi ba ya tsoro. In ya ce wucewa yake, sai ya saki turke ya wuce. Kamran ya ƙara ƙanƙame turken.

"Ni na kira shi, ya Alƙiblar Duniya," in ji Hushyar. "Tufan ke ɗingishi, ƙafar gaba ta hagu. Babu wanda ya san ƙafar doki kamarsa."

"Shi ya sa yake duba turke?"

"Riƙewa yake kada dokin ya fizge, ranka ya daɗe."

"Ikon Allah. Ni na hau shi da safen nan, ban ji komai ba. Wataƙila ni ne ban iya doki ba." Ya saurara ko wani zai taya shi. Babu wanda ya taya. "Kuma dokina ya yi ciwo, sarkin yaƙi ya ji kafin ni. Ba laifi. A fito da shi bayan la'asar in ga ɗingishin da idona. Kamran ya ci gaba da dubawa."

Hushyar ne ya karɓi Tufan ranar da aka haife shi, kuma tun daga ranar bai yarda wani ya taɓa kofatonsa ba. Da muka watse, ya aiki barorin barga ɗiban ruwa, ya cire takalmin ƙarfen ƙafar hagu, ya mayar. Ƙusa ɗaya ta shiga fiye da inda ya kamata ta tsaya. Kamran ya juya fuska bango, amma bai saki turken ba.

Bayan la'asar Tufan ya fito gaban fada yana ɗingishi. Shah ya daɗe yana kallon dokin, sannan ya kalli Hushyar, sannan Kamran, wanda aka fito da shi da ciyawa a gemu. Ina jin ciyawar nan ce ta cece shi. Mutumin da barorin barga suka gani rungume da turke, ba za a sake kiran sunansa a kasuwa ba, kuma Shah ya fi kowa sanin haka. Aka naɗa Kamran hakimin wani gari a bakin hamadar gishiri, ya tafi da idanunsa biyu. Ranar Juma'a liman ya maimaita maganar barga, muka ce amin.

Saura abu ɗaya. Dokin sarki ya gurgunce a hannun shamaki, kuma hukuncin wannan sananne ne: a ɗaure ƙafafu a gungume, a bi tafinsu da tsumagiyar rumman. Hushyar da kansa ya cire takalmansa, ya jera su a gefe, ya kwanta. Shah bai tambaye shi komai ba. Ya dai ce wa mai dukan ya fi kula da ta hagu.

Tufan ya warke kafin tsayuwar wata. Hushyar ne dai har yau yake kai shi shan ruwa, dokin yana rage sauri don ya jira shi. Duk shekara, ranar Nauruz, bikin sabuwar shekararmu, Kamran yakan aiko masa da jakar busasshen ɓaure daga bakin hamada. Hushyar yakan kwance bakinta, ya juye wa dokin.