Labarin Da Malam Bature Bai Sa Wa Hannu Ba

A makarantar su Khairunnisa, labari ba ya zama labari sai Malam Bature ya ji shi a rediyo da kunnensa. Shi ne uban ƙungiyar 'yan jarida ta makarantar, kuma shekara goma sha tara ke nan yana tafiyar da ita a kan tsari guda. Duk Litinin da Juma'a, kafin a buga ƙararrawar asambili, yarinyar da ke karanta labarai za ta kai masa takardarta ofishin malamai. Sai ya rage muryar 'yar rediyonsa mai ɗaure da roba, ya gyara tabarau, ya bi layi-layi da jan biro. Wanda ya ji da safe ya bar shi, wanda bai ji ba ya soke, sannan ya sa hannu a ƙasa. Ko gobara aka yi a bayan katanga yana kallon hayaƙin, cewa zai yi a dakata tukuna a ji daga bakin masu aikin. Waya kuwa a wurinsa bola ce, kowa da abin da yake zubarwa.

A faɗi gaskiya, ba mugun mutum ba ne. An ce da can wata ɗaliba ta taɓa karanta rasuwar wani dattijo na cikin gari, ashe bawan Allah yana zaurensa yana shan fura, kuma Malam Bature ne ya je har gida ya durƙusa ya ba da haƙuri. Tun daga ranar ya kafa dokar, bai kuma taɓa sassauta wa kowa ba.

Shekara biyu Khairunnisa ta yi tana neman wannan kujera. Ta riƙe wa na gabanta takarda, ta kwafi labarai har yatsunta suka yi kanta, ta koyi inda ake numfasawa a gaban madubin Innarta har ƙannenta suka sa mata suna Gidan Rediyo. Sai da ta shiga aji shida aka ba ta lasifikar. Kuma ba lasifikar kaɗai take hange ba. Duk watan Maris akan kai mai karanta labarai wani gidan rediyo a Katsina, a ba ta minti biyar a shirin ɗalibai, ta yi magana kai tsaye duk jiha na ji. Babanta, Malam Harisu mai sayar da hatsi, ya riga ya gaya wa duk wanda ke layinsu a kasuwar Mai'adua ranar da za a ji 'yarsa.

To, ita wannan yarinya tana da wani ciwo, shi ne wasan kurket. Wata 'yar bautar ƙasa daga Edo ce ta koya musu suna aji uku, a fili bayan ɗakin gwaje-gwaje. Wasa ne da ɗaya ke jefo ƙwallo, ɗaya ta maka shi da sanda mai faɗi, a ruga a tara maki kafin a dawo da ƙwallon. Malamar ta gama hidimarta ta tafi, ta bar musu sanda ɗaya da ƙwallo biyu. Cikin 'yan mata ashirin da suka fara, saura su bakwai, kuma saboda sandar nan duk makaranta masu kashe ɓera ake ce musu. A watan Janairun nan aka buɗe gasar duniya ta 'yan mata 'yan ƙasa da shekara goma sha tara a Malesiya, irin gajeren wasan nan da ake gamawa cikin 'yan awanni, kuma a karon farko har da Najeriya. Wasansu na farko ranar Asabar ruwan sama ya cinye shi, ko ƙwallo ɗaya ba a jefa ba.

Ranar Litinin da New Zealand za su kara, ƙasar da ta daɗe tana wasan tun kafin a haifi kakannin yaran. Bayan sallar asuba Khairunnisa ta tsuguna a ƙofar ɗakin Babanta.

"Baba, ara mini wayarka minti biyar."

"Ke da minti biyar ɗinki. Jiya ma haka kika ce, kika shanye mini data tas." Ya miƙo mata yana ƙunƙuni.

Ba hoto, ba murya, lambobi ne kawai ke canzawa a fuskar wayar. Najeriya ta tara maki sittin da biyar, ɗan abin da ko ita ta san bai taka kara ya karya ba. Amma da ta duba sai ta ga New Zealand na ta fama, har an zo jifa shida na ƙarshe suna neman maki tara. Kunun da Inna ta ajiye mata ya huce. Ta riƙa danna wayar tana karanta duk addu'ar da ta zo bakinta, har da addu'ar shiga kasuwa. Da lambar ƙarshe ta fito, sittin da uku, sai ta ƙwalla ƙara har kaji suka watse.

Inna ta fito da ludayi a hannu. "Lafiya? Kunama ce?"

"Inna, mun ci! Da maki biyu!"

"Ku da wa?"

Ba ta tsaya amsa ba. Ta ɗauko takardar labaranta, ta ƙara layi huɗu a ƙasa, ta zura hijabi ta fita.

Malam Bature ya bi takardar yana gyaɗa kai. Farashin taki, ya ji. Rigakafin yara, ya ji. Da ya zo ƙasa sai biron ya tsaya.

"Wannan kuma daga ina?"

"Malam, yanzun nan aka gama. A shafin masu gasar na gani."

"A waya."

"A waya, Malam. Amma wallahi gaskiya ne."

"Na saurari labaran wasanni daga farko har ƙarshe. An yi maganar ƙwallon ƙafa, an yi maganar dambe. Ban ji an ce 'yan matan Najeriya sun doke kowa ba." Ya ja layi biyu a kan rubutun, ya sa hannu. "In gaskiya ne za su faɗa, ran Juma'a sai ki karanta."

"Malam, ran Juma'a ai ya zama tsohon labari."

"Gara tsoho da ƙarya. Ki ji ni da kyau, Khairunnisa. Wadda ta karanta abin da ban sa wa hannu ba, ta bar lasifikar ke nan. Ke kin san Firdausi da ke bin bayanki na jiran kujerar nan, kin kuma san watan Maris na zuwa."

Ta sani sarai. Tana tsaye a kan dandamali, ɗalibai kusan dubu a jere gabanta, ta karanta taki, ta karanta rigakafi, muryarta tar kamar kullum. Da ta zo inda jan layin yake sai ta ɗaga kai. Can a layin aji shida ta hango sauran shidan nan, masu kashe ɓera, ba wadda ta san abin da ya faru a cikinsu, domin ba kowane uba ne ke ba 'yarsa aron waya ba. Wani haushi ya taso mata. Da 'yan ƙwallon ƙafa ne suka yi wannan abu, da tun asuba 'yan acaɓa sun cika Daura da ham.

"Labarin wasanni," in ji ta. "Da safiyar yau a ƙasar Malesiya, 'yan matan Najeriya sun doke New Zealand a gasar kurket ta duniya."

Malam Bature ya taso da sauri ya zare wayar lasifikar. Khairunnisa ta ajiye makirfon, ta cika ƙirjinta da iska, ta ƙarasa da muryar da Allah ya ba ta. "Najeriya sittin da biyar! New Zealand sittin da uku! Wannan ce nasararsu ta farko a gasar duniya!"

Yaran aji ɗaya suka ɗauka ƙwallaye sittin da biyar aka zura a raga, suka ɓarke da ihu da tsalle. Manya suka yi dariya. 'Yan shidan nan kuwa rungume juna suka yi, ɗaya har da hawaye. Firinsifal ta buga tebur ta ce kowa ya wuce aji, Khairunnisa kuma ta same ta a ofis.

Kafin Laraba maganar ta tabbata. Malam Bature da kansa ya ji ta a rediyonsa, kuma da yake mutum ne mai gaskiya, bai ɓoye ba. Ya kira ta ya ce, "Labarinki gaskiya ne. Amma ba a kan ƙarya ake hukunta ki ba. Kin tsallake doka a gaban yara dubu. In na ƙyale ki, gobe wata za ta zo da abin da ta tsinto a waya ta ce ai Khairunnisa ma ta yi." Ya turo mata wata takarda. "Na roƙi Firinsifal ta amince. Ran Juma'a ki hau ki karanta wannan, shi ke nan, kujerarki tana nan, Katsina tana nan."

Layi uku ne. Tana neman afuwar malamai da ɗalibai. Ta karanta labarin da ba a tantance ba. Tana roƙon a yi watsi da shi.

"Malam, a yi watsi da shi? Ai kai ma ka ce gaskiya ne."

"Haka ake rubutawa. Kada ki tsaya jan magana, 'yata. Shekara biyu kika yi kina wahala, ina kallo."

Wannan kalma ta 'yata ta fi jan biron ciwo, don ta san har zuciyarsa ya faɗe ta. Ta ninke takardar ta sa a jaka. A gida ba ta gaya wa kowa ba. Ranar Alhamis da yamma ta ji Babanta a ƙofar gida yana ce wa maƙwabci ya sayi sabon batirin rediyo ya ajiye saboda watan Maris, sai ta shige ɗaki ta yi kuka mai isarta. Tana son Katsinan nan kamar ranta, ba ta kuma ga dalilin da zai sa ta yi wa kanta ƙarya a kan haka ba.

Juma'a ta zo. Firdausi ta karanta labaran ranar, ta koma gefe tana satar kallonta. Firinsifal ta ce Khairunnisa Harisu tana da magana. Ta hau, ta karɓi makirfon, ta buɗe takardar.

"Ina neman afuwar Malam Bature," in ji ta, "domin shi ya koya mini duk abin da na iya, kuma na ɓata masa rai."

Malam Bature ya sauke numfashi, ya gyaɗa kai. Ta dubi layi na uku. Ta ninke takardar.

"Labarin ran Litinin ba abin yin watsi da shi ba ne, yana nan daram. Ga kuma cikonsa. Shekaranjiya Laraba 'yan matan Najeriya sun kara da Afirka ta Kudu, kuma an lallasa su, ba ƙaramar lallasa ba. Duk da haka sun haye zagaye na gaba. Ƙarshen labaran ke nan."

Ba wanda ya yi ihu wannan karon, ba wanda ya zare wayar lasifika. Malam Bature ya cire tabaraunsa yana gogewa da bakin riga, ya daɗe yana gogewa, bai ɗago ba.

Khairunnisa ba ta jira a karɓa ba. Ta taka har inda Firdausi take, ta sa mata makirfon a hannu.

"In kin je Katsina," in ji ta a hankali, "kada ki yi sauri. Kina cinye ƙarshen kalma in kin tsorata."

Sannan ta sauka daga dandamalin ta shiga layin aji shida, tana tunanin yadda za ta gaya wa Babanta.