Gonar da Aka Bar wa Tsutsa

Ina durƙushe a gonar gwaji ta Dapaong da hantsi, ina jera ganyen masara cikin akwatin ƙanƙara, sai ga kiran yayata Azara daga Sokodé. Ko gaisuwar kirki ba ta tsaya yi ba.

"Nafissatou, Baba ya ari pompin feshi wajen abokinsa Malam Harisu, ya sayo magani. Ya ce yana idar da la'asar zai feshe gonarki."

Na miƙe da sauri.

Ni ɗalibar aikin gona ce, kuma abin da nake bincike a kai ba ya shiga kunnen mutane da sauƙi. Masara ba ta da ƙafar gudu, amma ba ta tsayawa haka nan a cinye ta. Idan tsutsa ta cije ta, takan haɗa wani ɗaci a cikin ganyenta, takan kuma fitar da wani ƙamshi da hancinmu ba ya ji, wanda ke kiran wasu ƙananan ƙwari masu kama da zanzaro su zo su yi ƙwai a jikin tsutsar. Na bi ƙauyuka na roƙi tsohon iri a hannun tsofaffi, na shuka rabi a Dapaong inda ruwa bai da yawa, rabi a Sokodé, don in gwada wane iri ya fi kare kansa. Sharaɗin aikin guda ne: kada magani ya taɓa ganyen sai na yanka na kai labo, wato ɗakin bincike. Idan aka yi feshi tsutsa ta mutu, masarar ta daina faɗa, ni kuma ba ni da abin aunawa. Na Dapaong na gama yankawa. Ba tare da na Sokodé ba, aikin banza ne, kuma makaranta ta riga ta gaya mini wannan ce daminata ta ƙarshe.

Filin Sokodé na mahaifina ne, Malam Issifou, a bakin hanyar Tchamba inda kowa ke wucewa. Ranar da ya ara mini na zaunar da shi na yi masa bayani tiryan-tiryan. Ya ce "to". Duk wanda ya san Baba ya san "to" ɗinsa na nufin ya ji sautin muryarka ne kawai.

Na kira shi.

"Baba, don Allah kada ka taɓa gonar nan. Da gangan na bar tsutsar."

"Da gangan ake barin abinci ya lalace? Ki ji tsoron Allah, 'yar nan," in ji shi, cikin sanyin murya kamar yana lallashin mara lafiya. "Jiya a ƙofar masallaci Harisu ya tambaye ni ko kuɗin magani ne ya gagare ni, shi zai taimaka. A gaban jama'a. Wanda ya wuce ba ya cewa gonar makarantar lakwal ce, cewa yake gonar Issifou."

"Baba, gobe kawai nake roƙo. Gobe da safe zan yanka."

"Kin gaji, aiki ya yi miki yawa, shi ya sa zan rage miki. Ki taho a hankali."

Ya kashe. Na sake kira, wayar a rufe. Na san inda take, tana cikin aljihun rigar da ya rataye a ƙusa.

Na koma na kira Azara, na ce ta bar rumfarta ta je ta ɓoye pompin. Ta yi dariyar da ta ƙona mini rai.

"Ni in ɓoye wa Baba kaya? Ke da kika yi boko ki zo ki ɓoye. Kuma tsakani da Allah na ga gonar, abin kunya ce. Ganye duk huji kamar rariya."

Na kai akwatin ganyen wajen wata mai sayar da ɗanyen kifi da muka saba, ta tura mini shi can ƙasan firiza, na hau zemijan, babur ɗin haya, zuwa gar, wato tashar mota. Motar Sokodé na tsaye, direban mai suna Karimu yana shan koko hankalinsa kwance, yana jiran ta cika. Ban taɓa tsanar mutum saboda shan koko ba sai ranar. Na ce zan biya kujerun da suka rage, mu tashi.

"Madam, ka zauna, ka kwantar da hankali," in ji shi da irin Hausarsa ta tasha. "Wani ya mutu ne?"

"Bai mutu ba tukuna."

Ya dube ni, ya ajiye kofin, ya tada mota.

Har Mango tafiya ta yi kyau. Daga nan komai ya shiga yi mini gangan. Wata mata ta tsayar da mu ta sayi zabi, aka yi ta ciniki ta taga. Jami'an hanya suka tsayar da mu suna juya takardun mota kamar yau suka fara ganin rubutu. Ni dai idona na kan inuwar itatuwa, ina kallon yadda take gajercewa tana shigewa ƙarƙashinsu. Tsoro nake ji, tsoro na gaske.

A hawan Défalé muka tarar da layin motoci. Wani kamiyo, babbar motar kaya, da ya taso daga Cinkassé ya karkace a kwana ya tare hanya, direbobi sun shimfiɗa tabarmi a ƙarƙashin motocinsu, alamar ba yanzu ba. Karimu ya leƙa ya dawo.

"Madam, wannan sai yamma. In kana sauri, ka sauka ka wuce da ƙafa, akwai moto a gaba."

Na rataya jakata na ratsa ta gefen kamiyon, ƙafata na zamewa a kan tsakuwa, rami na hagu da ni. A ɗaya gefen na sami mai moto, wato babur, ya kai ni Niamtougou, daga can na shiga wata mota zuwa Kara. Azahar ta wuce ni a hanya. A Kara hadari ya haɗo baƙi ƙirin ta kudu, na ji zuciyata ta ɗan saki, domin babu manomin da ke feshi cikin ruwa. Na yi addu'ar ruwa kamar wadda gonarta ke ƙonewa. Kafin mu kai Bafilo iska ta kwashe hadarin ta yi yamma da shi, rana ta fito tas.

A Bafilo na ji kiran la'asar. Na shiga lissafa Baba a raina: yanzu yana alwala, yanzu ya shiga sahu, zai tsaya gaisawa, zai koma gida ya sauya riga, zai ɗebi ruwa a rijiya ya haɗa maganin. Baba ba ya gaggawa a komai, kuma ranar ce kaɗai na gode wa Allah da wannan hali nasa. Muka bi ta tsagin dutsen Alédjo a bayan wata tanka mai tafiyar hawainiya, ina cizon gefen mayafina.

Tun kafin mota ta gama tsayawa a Sokodé na dira, na hau moto. Daga nesa na hango su a bakin gonar. Malam Harisu ne da wasu dattawa biyu na masallacinmu, sun zo kallon yadda za a wanke wa abokinsu kunya. Baba na tsaye a kan kunyar farko, pompi a bayansa, ya ɗaure hanci da tsohon rawani, yana buga hannun pompin don iska ta taru. Mutumin da ciwon baya ke hana shi ruku'u sosai, shi ne ya goyo ruwa cike da tanki saboda ni.

"Baba!"

Ya juyo, idanunsa suka yi murmushi ta saman rawanin. Ya ɗaga mini hannu, ya juya ga masarar, ya ɗaga sandar feshin.

Ban san lokacin da na isa gare shi ba. Na fizge sandar daga hannunsa da ƙarfin da ya sa ya yi tangaɗi, tankin ya ja shi baya, ya zauna daɓas a cikin kunya. Bakina kuma bai tsaya ba.

"Na ce kada ka taɓa! Na gaya maka, na sake gaya maka! Abin da ba ka sani ba ka bar shi mana!"

Da ƙarfi na faɗa, har masu wucewa a kan hanya suka tsaya. Malam Harisu ya sunkuyar da kai yana salati a hankali. Sauran dattawan suka juya suna kallon wani wuri.

Na miƙa hannu in tashe shi, bai karɓa ba. Ya zare igiyoyin pompin daga kafaɗunsa ɗaya bayan ɗaya, ya dafa ƙasa ya miƙe da kansa, ya kwance rawanin ya kakkaɓe rigarsa da shi. Bai dube ni ba, bai dubi abokansa ba. Ya kama hanyar gida, su kuma suka bi shi a baya.

Na duba kunyar farko, na shafa ganyen, na shinshina. A bushe yake. Ko ɗigo bai sauka ba. Tsutsotsina na nan cikin kunnen masara suna ci abinsu, aikina ya tsira, kuma ban ji daɗin komai ba.

Washegari da sassafe na yanka ganyen, na jera a ƙanƙara. Kafin in wuce gar na shiga zaure, inda Baba ke zaune a kan buzunsa yana jan carbi. Na durƙusa har ƙasa, na ce ya yafe mini. Ya bar ni na gama, sannan ya gyara zama, ya janye ƙafafunsa kamar yadda yake yi idan baƙo daga ofis ya shigo.

"Babu komai," ya ce. "Allah ya ba da sa'ar aiki, Madam."