Jakar da Ta Fito daga Jirgin Alhazai

Shekara arba'in ke nan da wani jirgin alhazai ya nutse gabas da garinmu, ya kwanta a ƙasan Bahar Maliya tare da waɗanda kwanansu ya ƙare a cikinsa. Allah Ya jiƙansu da rahama. Mu mutanen wannan gaɓa ta Masar maƙabarta muka ɗauke shi. Akan kai baƙi masu nutso su gani, amma ba a ɗauko ko cokali, ba a kuma jefa fatsa a kansa. Jagoran da aka kama da kayan mamatan, babu mai jirgin da zai sake ba shi aiki.

Rayyis Atiya, wato shugaban jirgi a bakinmu, yana da jirgin kai masu nutso, kuma ɗan ƙanwarsa Gharib ne jagoransu a ƙarƙashin ruwa. Baƙi sukan fito suna ba da labarin jajayen kifin najil da suka tare a ɗakin matuƙi, da murjanin da ya lulluɓe ƙarafa, da wata kififiya mai kwana a jikin farfela. Shi kuwa Rayyis abin da ya lura da shi daban ne. Sau uku Gharib yana tsayawa a ƙasa bayan kowa ya hau, tukunyar iskarsa ta kusa ƙarewa, ya fito da 'yar jaka a hammata, ya tura ta ƙarƙashin igiyoyi.

Rayyis ya san nauyin zato a wurin Ubangiji, ya yi ta istigfari. Amma ma'aikatan jirgin sun fara yin shiru idan Gharib ya zauna cin wake da gurasa, mai girki kuma ya daina miƙa masa shayi da hannunsa.

A rana ta huɗu, bayan sallar azahar, Rayyis ya tare shi a gaban jama'a.

"Ɗan ƙanwata, kifi ne ya ɗaura maka aure a ƙasa, ko me ke tsare ka?"

"Igiya nake kwancewa, Kawu."

"Igiyar ce kake ɓoyewa a jaka? Miƙo ta nan."

Gharib ya rage murya. "Don Allah, Kawu, mu shiga daga ciki. Ba a nan ba."

Mai girki ya ce, "Mai gaskiya bai san ciki da waje ba."

Rayyis ya ɗauki jakar, ya ji nauyinta, ya ji ƙarfe yana taɓa ƙarfe. Ya juya wa mutane baya kafin ya buɗe. Zaren fatsa ne a cukurkuɗe, da ƙugiyoyi, da dalmar da ake ɗaura wa fatsa don ta nutse. A gaɓar nan kowane gida shi ke narka dalmarsa, ya yi mata shaida. Waɗannan zane uku ne a gindinsu, shaidar gidan Atiya tun kakansa, kuma Mursi, babban ɗan Rayyis, shi kaɗai ke fita kamun kifi yanzu.

Gharib ya ce a hankali, "A jikin jirgin alhazan suka maƙale. Ɗaya a wuyan kififiyar na yanke. Na yi wa Mursi magana sau biyu, ya ce najil ɗin wurin sun fi ƙiba."

Rayyis ya auna lamarin. In ya rufe jakar ya yi shiru, kafin magariba gari ya gama yanke wa Gharib hukunci. In ya nuna, sunan gidansa ne zai shiga bakin mutane.

Ya juyo, ya zazzage dalmar a kan katako. Mai girki ya ɗauki ɗaya, ya duba gindinta, ya ajiye.

Rayyis ya ce, "Ku duba da kyau, ku faɗa yadda kuka gani. Dalmar gidana ce. Wannan bawan Allah asirina yake rufewa, ni kuwa na zarge shi." Ya dubi Gharib. "Ka yafe mini, ɗana."

"Ba komai, Kawu."

"Akwai komai. Ku ɗaga anga, mu koma gari. Kafin Mursi ya ji a bakin wani, a bakina zai ji."