Ranar da Mama ta Shiga Kogi

Zoila ta ja maɗaurin rigar ceton har sai da tsohuwar ta yi nishi.

"Ke, kashe ni za ki yi tun ban shiga ruwan ba?"

"In kika faɗa, da wannan zan fizgo ki, Mama. Tsaya mana."

Tun Zoila tana budurwa take tuƙa iyalai 'yan yawon buɗe ido a jirgin roba cikin kogin Cañete, amma mahaifiyarta, Doña Eusebia, ba ta taɓa leƙowa bakin ruwa ta ga tashinsu ba. Tana rumfarta a garin Lunahuaná tana dafa miyar jatan lande, duk wanda ya tambayi 'yarta sai ta ce, "Tana can tana wasa da ranta." Sai ga shi jiya ta ce a ajiye mata wuri a jirgin. Zoila ba ta tambayi dalili ba. Idon tsohuwar na hagu ya riga ya mutu, na daman kuma ran Litinin za a yi masa aiki a Lima, babban birni. Likita ya ce yana iya yi, yana iya ƙi.

Sauran fasinjojin wani magidanci ne daga Lima da matarsa da 'yan matansu biyu. Zoila ta zaunar da mahaifiyarta kusa da ita, ta ce ta riƙe igiya kawai.

"Igiya? Ni kaya ce? Ba ni filafili kamar kowa."

"Mama, da nauyi fa."

"Ya kai ludayina?"

'Yan matan suka tuntsire da dariya, ƙaramar ta miƙa mata nata.

Ruwa ya ɗauke su. Dama da hagu duwatsu ne tsirara, launin toka, ko ciyawa babu, sai siririn koren gonakin inabi da ke bin gaɓa. Doña Eusebia ta manta da tuƙi. Tana ta juya kai tana kallo da idonta ɗaya, kamar mai kwasar kaya kafin a rufe kasuwa.

"Ashe haka bayan gidan ƙawata Fortunata ya lalace? Ta shafe gaba da fenti ta bar baya!"

"Mama, tuƙa."

"Ga bishiyar da babanki ya faɗo daga kai, wai zai burge ni."

"Ya burge ki, Kaka?" in ji babbar yarinyar.

"Ga shaida nan tana yi mini tsawa."

Zoila ta yi dariya. Ta kau da kai ta dubi gaba, inda kwazazzabon ya tsuke, ruwan ya yi fari fat yana ruri tsakanin duwatsu.

"Kowa ya shirya! Gaba! Gaba da ƙarfi! 'Yan hagu, baya! Yanzu kowa ciki!"

Jirgin ya duƙa, ya miƙe, ruwa mai sanyi ya rufe su. Yara na ihu, uban na kiran waliyyai. Zoila ta saci kallon uwarta, sai ta ga tsohuwar ta runtse ido gam. Amma duk abin da aka ce, tana yi daidai, ba ta makara ko sau ɗaya ba.

Da suka fita inda ruwan ya kwanta, baƙin suka shiga watsa wa juna ruwa. Zoila ta sunkuyo ta rage murya.

"Kin ji tsoro ne? Wurin da ya fi kyau kika rufe ido."

"Tsoron me? Gwaji na yi."

"Gwajin me?"

Doña Eusebia ta share fuska da bayan hannu. "So nake in ji, in abin nan ya ƙi ran Litinin, ko zan iya tsinto muryarki cikin hayaniya in bi."

Zoila ta ce, "To, kin tsinta?"

"Wannan maƙogwaron? Ko kogin sai da ya yi shiru." Ta laluba ta kama gwiwar 'yarta, ta matse. "Akwai wani wurin irin wannan a gaba?"

"Akwai, ya ma fi wannan."

"To wannan da ido zan gan shi. Ke zan kalla."